Baƙon da Na Ɗauko wa Kaka Daga Teku

Tun ranar da na dawo daga Kwatano ban sha shayi cikin kwanciyar hankali ba. Da na zauna a teburin Ɗan Jumma sai wani ya jawo benci ya ce, "Umaru, wai da gaske ka ga teku? Wai da gaske kai ne ka kashe shi da hannunka?" Na ba da labarin nan a kasuwar Bagudo, na ba da shi a fadama, na ba da shi a gidan suna a Bahindi, kuma na lura duk lokacin da na maimaita sai na ɗan gyara shi ta inda zai fi yi mini kyau. Shi ya sa na ce bari in rubuta shi sau ɗaya yadda ya faru, da wautata a ciki, Allah ya yafe mini ƙarin da na yi a baya.

Kakana Bawa, mahaifin mahaifiyata, yana zaune a Kende. Da ƙuruciyarsa ya bi fatake da shanu a ƙasa har Kwatano, ya dawo da labari ɗaya wanda bai taɓa sauya masa ko kalma ba. Ya ce ya ga farin wuri, irin wanda matan Fulani ke kitsawa a gashi, 'yan kokawa ke ɗinkawa a ɗamara, yana tafiya da kansa a kan dutse a bakin teku, da 'yan ƙahonninsa kamar dodon koɗi. Mu kuwa a garinmu kowa ya san wuri dutse ne, ko dai wani irin ƙashi. Sai aka laƙaba masa Bawa Mai Wuri da Ƙafa. Ni da yake jikansa ne ina da lasisin tsokana, na kuwa yi amfani da shi fiye da kima. Kullum na shiga gaishe shi sai in ce, "Tsoho, yau wurin naka bai zo gaisuwa ba?" Shi kuma ya kawo mini duka da sanda, a yi dariya.

Wasan ya daina zama wasa a daminar da ta wuce. Idanun Kaka sun dushe, ƙafa ta ƙi, sai an ɗauko shi ake zaunar da shi a inuwa. Aka sami saɓani kan iyakar wata gonar fadama tsakanin Namata masunci da ɗan baffansa, aka kira Kaka shaida domin babu wanda ya rage da rai cikin waɗanda suka ga rabon farko sai shi. Yana fara magana Namata ya ce, "Shaidar wanda yag ga wuri na tahiya za a kama? Ni da aka haifa cikin ruwa, in wuri na yawo da tuni ya hwaɗa komata." Jama'a suka fashe da dariya, har da ni, aka ɗage zaman. Kaka bai yi dariya ba. Daga ranar ya ce a daina fito da shi waje.

Abin ya tsaya mini a rai. Na je teburin shayi, a gaban Namata da kowa, na bugi ƙirji na ce zan tafi Kwatano in kawo wuri mai rai, ya yi tafiya a kan bencin nan kowa na kallo. A lokacin ban taɓa wuce Yawuri ba. Abin da nake taƙama da shi ɗaya ne: in rani ya yi ina kama tarwaɗa in kai ta kasuwa da ranta cikin baho, ba ta taɓa mutu mini a hanya ba. Na ce wanda ya iya da tarwaɗa, wani ɗan wuri zai gagare shi?

Arzika direba, mai kai albasa Kwatano, ya yarda ya ɗauke ni in zan taya shi ɗaure tamfol. Da na je sallama, Kaka ya juya fuska bango ya ce, "Tahi, ɗan banza. In teku ta cinye ka, in huta da bakinka." Amma da na miƙe sai ya riƙe mini gefen riga, ya yi addu'a mai tsawo.

Daga Bagudo zuwa Kaoje zuwa Tsamiya a saman buhunan albasa na yi tafiyar, domin gaba akwai mai kaya. Duk ramin da motar ta faɗa sai in tashi sama in dawo kan wani buhun dabam. Kafin mu kai iyaka ni da albasa ba a bambance mu da hanci.

Ni na zaci iyakar ƙasa katanga ce mai ƙofar ƙarfe. Sai na tarar da gora guda an gitta a hanya, da rumfa, da mai sayar da rake. Muna tsaye ana duba takardunmu, wani Bafulatani ya koro shanunsa ta bayan rumfar suka shige ƙasar Binin ba wanda ya ce musu uffan. Arzika ya riga ya ja mini kunne cewa in an tambaye ni in ce yaron mota ne. Da jami'in ya ɗago ya ce, "Kai fa, me za ka je yi?" sai bakina ya riga hankalina.

"Ranka ya daɗe, wuri mai rai za ni nema."

Ya ajiye biro. Ya kira abokan aikinsa biyu ya ce in sake faɗa. Na sake. Ɗaya ya tambaya ko da igiya zan jawo shi ko a kafaɗa zan saɓo shi. Jami'in ya share hawayen dariya ya ce, "Wuce, malam. Amma in ka samo, ta nan za ka biyo, sai na gan shi." Arzika bai yi mini magana ba har Segbana.

A Segbana na fara ganin abin mamaki. Rana na take tsaka sai gari ya yi tsit, ma'aikata suka rufe ofis suka tafi barci, sai bayan azahar sosai suke dawowa. Na ce wa Arzika waɗannan mutane sun gane duniya. Burodinsu kuma dogo ne siriri kamar sandar makiyayi, ɓawonsa har ya yanke mini dasashi. Na sayi biyu don kunyar mai sayarwa, ɗaya na ci, ɗaya na riƙa korar ƙuda da shi. A Kandi manyan motocin auduga ne jere, an yi musu lodi har sun fi gidan sama tsawo, mutanen kuma Dendanci suke yi, wanda nake tsintar rabi saboda maƙwabtanmu na bakin iyaka. Na yi ta gaishe da kowa da ƙarfi don a san na iya, har wata tsohuwa ta amsa mini da dogon zance, na tsaya ina murmushi kamar an ɗaure ni.

A Faraku aka kawo mana sakwara mai zafi da miyar gyaɗa, da wasu jajayen yanka a ciki. Na yi murna na ce nama har haka? Na ciza sai na ji taushi, ashe cukun nono ne da suke rina bayansa ja su soya. Na ƙara faranti. Matan garin kuwa kowacce da babur ɗinta, da goyo a baya, da kwando a ka, tana tafiya tana waya. Wata ta kusa kwashe ni, ta juyo ta zazzaga mini faɗa da yaren da ban sani ba, na ce mata na gode.

Daga nan ƙasa ta fara yin kore shar, itatuwan kwakwa da abarba suka maye gurbin dawa, Hausa ta yi ta raguwa a bakin hanya har ta ƙare. Kwatano kuwa 'yan acaɓa ne masu rawayar riga, sun cika titi kamar an fasa gidan rina. Arzika ya kai ni zango gidan mai masaukinsa, Alhaji Isiyaku, mai sayar da atamfa. Iyayensa mutanen Kamba ne amma shi a Kwatano aka haife shi, Hausarsa rabi Faransanci ce. Ya ba ni tabarma a ɗakin baƙi tare da 'yan kasuwa daga Nijar da Gana, da fanka ɗaya wadda kowa ke jira ta juyo kansa. Abincin gidan kafa ce mai sanyi, wato daskararren kamun masara da ake naɗewa a ganye, da soyayyen kifi da barkono. Barkonon nan na sa shi kamar yadda nake sa yaji a gida. Alhaji ya zauna yana kallona ina hawaye ina cewa da daɗi.

Da safe na tafi babbar kasuwa ni kaɗai, ban gaya wa kowa ba, don ina so in dawo in ba su mamaki. Na sami layin masu kayan gargajiya, ga wuri nan tsibi-tsibi ana aunawa da kwano kamar wake. Na durƙusa ina tonawa, ina ɗaga kowanne ina leƙa cikinsa, ina hura masa iska ko zai motsa. Mai kayan, wata ƙatuwar mata, ta bar ni na yi ta yi, sannan ta kira maƙwabtanta su zo kallo. Na dawo masauki ba wuri, ba girma.

Alhaji ya yi dariya har hularsa ta faɗi. "Ɗan'uwa, ka je mahauta neman saniya mai kiwo! Hau babur." Ya ce ya san wata mata, Mama Afi, da ke tsintar abubuwan ruwa a cikin duwatsun da aka jibge a bakin teku, amma sai lokacin da ruwa ya janye. Na ce janyewa a wane wata? Ya ce yau, kuma gobe ma, kullum teku sai ta cika ta koma. Kogin Kwara namu sau ɗaya yake wannan a shekara, shi ma da shawara. Ban yarda ba sai da na gani.

Ba zan iya kwatanta muku teku ba, kuma na daina ƙoƙari. Abin da na fara tambaya shi ne ina ɗaya gaɓar. Alhaji ya ce babu. Na ce ba ruwan da ba shi da ƙetare, ya ce to shiga ka duba. Na naɗe wando na matsa zan yi alwala, na kurɓa don kurkure baki, sai na ji kamar an narka mini buhun gishiri a harshe. Ina tsaye ina tofarwa wani tudun ruwa ya taso daga gaba ya maka ni da ƙasa. Da na miƙe, takalmi ɗaya ya tafi, wayata kuma da na yi niyyar ɗaukar hoto da ita ta sha ruwa ta mutu. Har yau ba ta farfaɗo ba.

Mama Afi gajeriya ce, kakkaura, ƙafafunta sun saba da santsin dutse. Alhaji ya yi mata bayani, ta dube ni daga sama har ƙasa, da takalmi ɗaya, ta girgiza kai ta yi gaba. Ta yi ta juya duwatsu tana mayarwa yadda ta same su. Can ta yi mini alama da hannu. A ƙarƙashin wani dutse, kan wani abu mai yauƙi, ga wata 'yar tsoka kamar jiƙaƙƙen wake, da ɗigo-ɗigo a jikinta, tana jan ciki a hankali. Gabanta 'yan ƙahonni biyu, da wani ɗan bututu a tsakiyarsu yana leƙe-leƙe.

Na ce, "Alhaji, gaya mata ba tsutsa nike nema ba."

Ba ta jira fassara ba. Ta ɗauki tsinke ta ɗan taɓa bayan abin. Sai naman nan ya rabe biyu ya zame ƙasa, kamar mutum ya tuɓe babbar riga, ya shige ciki. Sai ga wuri nan a fili. Ta juya shi a tafin hannunta, ga dogon bakin nan mai haƙora-haƙora, sak na wuri. Ashe da ransa naman ne ke lulluɓe shi, shi ya sa ba a gane shi.

Jama'a, na yi kabbara. Na yi rawa a kan dutse da ƙafa ɗaya ba takalmi. Na rungume Alhaji, na kusa rungume Mama Afi sai na tuna, na koma na sake rungume Alhaji. Ina ta ihu, "Tsoho ya yi gaskiya! Tsoho ya yi gaskiya!" Masunta suka bar komarsu suna kallon mahaukacin Arewa.

Da na natsu sai na lura ƙarami ne ƙwarai, kuma bayansa ba santsi ba ne, layi-layi ne kamar kunyoyin gona, da ɗan ja-ja. Mama Afi ta yi magana, Alhaji ya fassara: wai wannan ba shi ne babban da ake aunawa a kasuwa ba, gidansu dai ɗaya, ƙanensa ne. Babban ba kasafai ake samunsa a nan ba. Na dubi hagu na dubi dama na ce, "Alhaji, wagga magana mu bar ta nan Kwatano." Laifina na farko ke nan, kuma da sanina na yi shi.

Ta sa shi a robar da aka yanke wa kai, da ruwan teku da ɓallin dutsen da yake kai, domin abin yauƙin nan shi ne abincinsa. Ta kuma cika mini galan guda da ruwan teku. Alhaji ya riƙe mini hannu ya ce, "Ka ji da kyau. In za ka sauya masa ruwa, daga galan ɗin nan kaɗai. Kada ka sa masa wani." Na ce na ji.

Da muka juyo, motar ba lodi sosai, sai 'yan kayan 'yan kasuwa da fasinjoji a baya. Na zauna a lungu da robar a cinya, na yi mata inuwa da hulata. Baƙo nake kiransa. In ya fito da ƙahonninsa sai in ce, "Sannu Baƙo, ka ga abarba? Can gida ba mu da ita, amma akwai shinkafa." Fasinjoji suka riƙa zuwa ɗaya-ɗaya suna leƙawa, ni kuma ina bayani kamar ni na halicce shi.

A Faraku muka tsaya salla. Cikin fasinjojin akwai wani dattijon Bafulatani, Baffa Jaɓɓo, mai komawa Kaoje. Ƙishirwa ta kama shi, ya ga galan kusa da ni, ya ɗaga ya kafa kai. Ya fesar da shi har kan gemun na kusa da shi, ya yi ta tari yana salati. Da ya sami numfashi ya ce wane mugun ne ya zuba gishiri a ruwa. Na ce ruwan Baƙo ne.

"Wannan kake ba shi? Kai yaro, a gidanku haka ake karɓar baƙo? Ko kare ba a ba shi wannan. Halitta ta baro garinsu ta biyo ka, ruwan kirki ma ba za ka ba ta ba?"

Ba na ɗora wa Baffa laifi, domin abin da ya faɗa tuni yana raina. Tun da na kurɓi teku nake tausayin duk abin da ke cikinta. Na ɗauka haƙuri kawai suke yi don ba su da wani. A gidanmu kuwa baƙo bai zauna ba sai an miƙa masa ruwa mai sanyi a kwano mai tsabta. Na kuma ce a raina, Alhaji atamfa yake sayarwa, me ya sani game da ruwa? Ni ne mai kai tarwaɗa kasuwa da ranta. Arzika ya leƙo ta taga ya ce, "Umaru, abin da anka ce maka ka yi, shi za ka yi." Na ce ya kula da sitiyarinsa.

Na tuttular da galan ɗin a gindin mangwaro. Na sayi ruwan leda mai sanyi, mai tsada ma, na tsiyaye na robar na zuba masa sabo. Na wanke ɓallin dutsen nan tas, na goge yauƙin. Na marmasa masa burodi a kai. Baffa ya ce, "Yawwa, yanzu ka yi abin mutane."

Baƙo ya shige cikin gidansa nan take. Na ce wa jama'a ya ji daɗi ne, barci yake. A Kandi ruwan ya yi fari-fari, na sake masa da na rijiyar masallaci. Kafin Segbana wani wari ya tashi a bayan mota. Fasinjoji suka fara hararar juna. Wata mata ta ce wa mijinta ya ji tsoron Allah. Ni na san daga inda yake fitowa, na ƙara danne robar da hula na shiga cikin masu harara.

A Tsamiya jami'in nan na hango ni ya taso da fara'a. "Mai wuri! An samo?" Ya kira abokansa. Na miƙa robar ba don ina so ba. Ya ɗaga hular, ya sa fuska, ya yi baya da sauri har ya taka mai rake. Da ya dawo da hankici a hanci ya leƙa da kyau ya ce, "Malam, ka samo kam. Amma wannan ya riga mu gidan gaskiya." Ya dafa kafaɗata, ba dariya a wannan karon. "Allah ya ba ka haƙuri. Wuce."

Na koma bayan rumfa na zauna a ƙasa. Kuka na yi, ba na ɓoyewa. Sannan Shaiɗan ya zo da shawara, na kuwa saurare shi: in mun kai fadama in sami ɗan ƙaramin dodon koɗi, in manna masa farin wuri a baya da gam, ya yi tafiya a kan benci. Har na gaya wa Arzika. Ya kashe mota ya juyo.

"Namata za ka yi wa wanga? Mutumin da ya san dodon koɗi tun kana cikin zane? Kahin ka aje shi ya gane. Sannan a ce Bawa maƙaryaci, jikansa ma maƙaryaci. Hau mota, don Allah."

Na yi niyyar in sulale gida in wanke shi tukuna, amma labari ya riga mu isa Kende. Da la'asar muka sauka, teburin Ɗan Jumma ya cika har bakin hanya. An fito da Kaka, karon farko tun ranar shaidar, an zaunar da shi a kujera da sabuwar hula. An ma share benci guda an bar shi fili don tafiyar.

Na ajiye robar. Na ce, "Jama'a, na same shi da rai, na gan shi shina tahiya. Ni na kashe shi. Ruwan leda na ba shi."

Wani ya ce, "To ai shi ke nan, wani labarin kuma." Na kusa da robar suka fara toshe hanci suna ja da baya. Namata ne kaɗai ya matso. Ya tsiyaye ruwan, ya juye abin a tafinsa, ya juya shi ya ga bakin. Ya zaro ƙugiya daga aljihu, ya sa tsininta a hankali, ya jawo wani ɗan baƙin zare mai yauƙi. Ya kai hanci. Ya daɗe yana dubawa.

"Wanga nama ne," ya ce. "Dutse ba shi ruɓa. Abin ga ya yi rai."

Gun ya kaure. Masu ja da baya suka dawo suna ture juna, kowa na so ya sha warin da kansa. Ɗan Jumma na cewa shi dama bai taɓa musu ba, alhali shi ya fi kowa. Ana ta "Ashe Bawa gaskiya ya faɗa!" Ni kuwa har na fara gyara tsayuwa.

Kaka ya miƙo hannu. "Ku ba ni in ji."

Namata ya ɗauraye shi ya sa masa a tafi. Kaka ya rufe idanun da dama ba gani suke ba, ya yi ta shafa bayansa da babban yatsa.

"Wanga ba shi ba ne."

Kowa ya juyo ya dube ni.

"Wanda nig gani santsi gare shi, kuma ya yi uku ga wanga. Wanga bayansa kunya-kunya ne. Umaru, mi anka ce maka can?"

Na dubi ƙasa. "Sun ce ƙanensa ne, Tsoho. Gidansu guda."

"To ka ce musu ƙanensa ne mana. Mi za ka ɓoye?" Ya ɗaga murya. "Ku ji, jama'a. Wanda ni na gani, har yanzu ba a kawo muku shi ba."

Na ji kamar in nutse. Na yi tafiyar nan duka, an ba shi gaskiyarsa a hannu, ya mayar. Namata ya daɗe tsaye yana goge ƙugiyarsa a riga. Sannan ya durƙusa a gaban kujerar, abin da ban taɓa ganin ya yi wa kowa ba.

"Baba, gobe in Allah ya kai mu za mu ɗauke ka a amalanke mu tahi fadama. Inda duk kac ce iyaka take, nan take. Ko da cikin nawa ta hwaɗo."

Kaka ya ce, "Cikin naka za ta hwaɗo kuwa." Aka yi dariya, har da Namata, ko da yake tasa ba ta yi tsawo ba.

Da mutane suka watse na durƙusa zan ɗauke shi mu shiga gida. Yana riƙe da abin gam a hannu. Ya jawo kunnena kusa da bakinsa, murya ƙasa-ƙasa kamar mai tambayar labarin wani tsohon aboki.

"Kai, ɗan banza. Ka ga ƙahonnin?"

"Na gani, Tsoho. Biyu. Da wani ɗan bututu tsakaninsu."

Ya sake shafa abin da babban yatsa. Sai ya buga cinyarsa.

"Bututun! Wallahi akwai bututun. Na mance da shi!"

Ya yi ta dariya a bayana har muka kai zaure.